Shin Sai Ɗan Wasa Ya Ji Abin a Zuciyarsa Kafin Mai Kallo Ya Yarda?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Akwai tambayar da nake so in ajiye a gabanku, domin na lura cewa duk lokacin da aka zo yabon ɗan wasa, ko a dandamali ko a fim, abin da aka fi maimaitawa shi ne wai ya hau kan rol ɗin sosai, har kukan gaske ya yi. Shin hawayen gaske shi ne ma'aunin ƙwarewa? Idan ɗan wasa ya fito a matsayin wanda aka yi wa rasuwa, dole ne sai baƙin cikin ya kama shi da gaske kafin mu yarda da shi, ko kuwa ya isa ya san yadda zai sarrafa fuska da murya da jiki har mu da muke kallo mu ji abin a ranmu, shi kuwa zuciyarsa tana nan lafiya lau? Kuma idan amsa ta biyu ce daidai, da me mai nazari zai auna wasan, tunda ba shi da hanyar leƙa zuciyar kowa?

Malamin Wasan Kwaikwayo:
Wa alaikumus salam. Tambayar taki ta girme mu duka, domin masanin nan na ƙasar Faransa, Denis Diderot, ya yi rubutu a kanta tun a shekarun 1770, ko da yake ba a buga rubutun ba sai a 1830, bayan ya daɗe da rasuwa. Matsayinsa shi ne cewa babban ɗan wasa ba ya jin komai a lokacin da yake wasa, kuma a cikin rashin jin nan ne girmansa yake. Hujjarsa ita ce, wanda ya dogara da motsin zuciyarsa zai burge a daren farko ya yi sanyi a dare na biyu, domin zuciya ba ta karɓar umarni, amma wanda ya gina wasansa a kan lura da mutane da tunani da maimaitawa zai kawo abu ɗaya kowane dare. Ya kafa misali da David Garrick, shahararren ɗan wasan Ingila na wancan zamani, wanda yakan leƙo da kansa ta tsakanin ƙyauren ƙofa biyu, cikin daƙiƙa huɗu ko biyar fuskarsa ta tashi daga murna, ta bi ta natsuwa da mamaki da baƙin ciki da tsoro har ta kai ga yanke ƙauna, sannan ta koma inda ta faro. Diderot ya ce babu zuciyar da za ta ji waɗannan abubuwa a jere cikin wannan ɗan lokaci, saboda haka abin da mutane suka gani aikin gwaninta ne kawai. A ganina ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya faɗa shi ne wanda masu yabon hawaye suka fi mantawa da shi.

Tsohon Ɗan Wasa:
Allah ya gafarta Malam, rabin da ya bari shi ne wanda mu da muka tsaya a gaban 'yan kallo muka fi sani. Abin da Garrick ya yi a bakin ƙofa nuna bajinta ne, domin babu wanda yake magana da shi, kuma babu abin da yake nema a wurin kowa. A kan dandamali kuwa akwai mutum a gabanka yana faɗa maka magana, kuma ko da ka ji maganar nan a wurin gwaji har ka haddace ta, wajibi ne a wannan daren ta same ka sabuwa. Wanda ya zo da fuskokinsa a shirye tun daga gida, 'yan kallo suna gane shi ko da ba za su iya bayyana abin da suka gane ba, domin za ka ga ya yi mamaki tun abokin wasansa bai ƙarasa faɗin abin mamakin ba.

Ban ce sai an yi kukan gaske ba. Na ga masu kukan gaske da suka lalata fitowa, kuka ya shaƙe musu murya har na sahun baya ba su ji abin da suke faɗa ba, kuma suka manta cewa akwai wani a tsaye yana jiran su ba shi hanyar shiga maganarsa. Amma ban yarda cewa babu abin da ke motsi a ran ɗan wasa ba. Hankalinsa rabuwa yake yi biyu, ɓangare ɗaya yana cikin halin da ake ciki, ɗayan yana lura da inda hasken fitila ya sauka da kuma tarin da wani yake yi a sahu na uku.

Malamin Wasan Kwaikwayo:
Baba, abin da ka bayyana shi ne matsalar da daraktan wasan nan na Rasha, Konstantin Stanislavski, ya ƙare rayuwarsa yana fama da ita. Shi da Vladimir Nemirovich-Danchenko suka kafa Gidan Wasan Fasaha na Mosko a 1898, kuma tambayar da ta dame shi ita ce yadda za a yi abin da yakan zo wa ɗan wasa sau ɗaya bisa dace ya riƙa zuwa a duk daren da aka buƙace shi. Da farko ya karkata ga tuno abin da ya taɓa samun mutum, tunanin da ya aro daga masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Théodule Ribot, wato ɗan wasa ya tono wani baƙin ciki na rayuwarsa ya yi aiki da shi. Ya kuma koyar da cewa ɗan wasa ya tambayi kansa: da a ce ni ne a cikin wannan hali, da waɗannan mutane, a wannan sa'a, me zan yi? A lura da kyau, tambayar a kan abin da za a yi take. A shekarunsa na ƙarshe, kafin ya rasu a 1938, ya ƙara jingina ga wannan ɓangare, ya ce a fara da aikin jiki mai manufa, motsin zuciya zai biyo baya da kansa. Idan fitowar ta mutumin da ya karɓi wasiƙar mugun labari ce, kada ɗan wasa ya tsaya neman baƙin ciki. Ya nemi ɓoye wasiƙar kada matarsa ta gani, ya nemi kawar da zancen, ya nemi dalilin fita daga ɗakin. Waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya umartar kansa ya yi, kuma ana iya maimaita su gobe.

Inda aka samu rikici shi ne a Amurka. Bayan ayarin gidan wasan na Mosko ya yi wasanni a can a 1923, wasu tsofaffin ɗaliban Stanislavski biyu, Richard Boleslavsky da Maria Ouspenskaya, suka riƙa koyarwa a birnin Niyok, kuma daga cikin waɗanda suka zauna a gabansu akwai Lee Strasberg, wanda ya riƙe batun tono tsohon ciwo ya mayar da shi ginshiƙin koyarwarsa. A 1934 Stella Adler, wadda suke ƙungiya ɗaya da shi, ta haɗu da Stanislavski a Faris, ta yi makonni tana ɗaukar darasi a wurinsa, ta dawo ta ce malamin da kansa ya fi ba da ƙarfi ga aiki da kuma zurfafa tunani a kan halin da marubuci ya shimfiɗa. Strasberg bai karɓi wannan ba, kuma tun daga nan hanyoyin suka rabu. Mutane da yawa suna jingina wasan shahararren ɗan fim Marlon Brando ga koyarwar Strasberg, alhali shi ɗalibin Adler ne. Na uku a ƙungiyar su Strasberg da Adler, Sanford Meisner, ya bi wata hanyar dabam: yakan zaunar da 'yan wasa biyu su yi ta maimaita jimla ɗaya a tsakaninsu, har sai kowannensu ya daina kula da kansa ya koma kula da ɗan'uwansa. Wannan, Baba, shi ne maganin mai yin mamaki kafin lokaci da ka ambata.

Ɗalibar Adabi:
Na gode, Malam. Ke nan idan na fahimta, ko a wurin mutumin da aka fi danganta shi da batun jin abu a zuciya, abin da ɗan wasa yake nema a wurin abokin wasansa ya fi abin da yake ji muhimmanci. To amma duk wannan a dandamali ne. Shin haka abin yake a fim?

Mai Tace Hoto:
'Yar'uwa, bari in amsa miki daga teburin da nake zama, kuma ina neman afuwar 'yan wasan da ke cikinmu. A fim, babban kaso na abin da ake yaba wa ɗan wasa a kai ba shi ne ya yi shi ba. Wajen 1920, Lev Kuleshov ya yi wani gwaji a Rasha wanda labarinsa ya fi zuwa mana ta bakin ɗalibinsa Vsevolod Pudovkin, domin fim ɗin gwajin bai wanzu ba. Sun ɗauki hoto ɗaya na fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna komai, suka haɗa ta da hoton kwanon miya, suka sake haɗa ta da hoton mace a cikin akwatin gawa, suka sake haɗa ta da hoton yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yabon yadda ya nuna zurfin tunani a na farko, da alhini a na biyu, da murmushin jin daɗi a na uku, alhali kuwa hoton fuskar bai canza ba ko kaɗan. Mai kallo ne ya ɗauko ma'anar daga hoton da ke kusa ya shafa wa fuskar.

Haka kuma daraktan nan Rouben Mamoulian ya riƙa ba da labarin cewa a hoton ƙarshe na fim ɗin da ya yi da Greta Garbo a 1933, inda take tsaye a goshin jirgin ruwa bayan masoyinta ya mutu, umarnin da ya ba ta shi ne kada ta yi tunanin komai. Wannan fuska tana cikin waɗanda aka fi yi wa sharhi a tarihin silima, kuma kowane mai sharhi da abin da ya karanta a cikinta.

A ƙara da cewa ba a ɗaukar fim a jere. Ana iya ɗaukar fitowar ƙarshe a ranar farko, ana iya ɗaukar tambaya yau a ɗauki amsarta bayan mako biyu, kuma sau da yawa idan kyamara ta matso kusa da fuskar ɗan wasa, wanda yake kallo a gabansa alama ce da aka manna a gefen kyamarar. Shirun da kuka ji ya ratsa ku kafin jaruma ta amsa, mai yiwuwa ni ne na tsawaita shi, ta hanyar saka hoton wanda yake jiran amsar a tsakani. Saboda haka idan ana nazarin wasa a fim ba tare da duba inda aka yanka hoto ba, ana iya ba wani ladan aikin wani.

Hajiya Darakta:
Ƙanena, gwajin Kuleshov gaskiya ne, amma masu sana'arku sun cika ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Fuskar da aka yi gwajin da ita ta Mosjoukine ce, wanda yake cikin manyan taurarin silimar Rasha kafin juyin juya halin 1917. Ka tsayar da wanda bai saba ba a gaban kyamara ka ce masa kada ya nuna komai, abin da za ka samu shi ne mutumin da tsoron kyamara ya daskarar, ko wanda idonsa yake tambayar ko an gama. Fuskar da ta natsu amma tana raye, wadda mai kallo zai iya zuba mata ma'ana, ƙwarewa ce mai wuya, kuma ba kowa Allah ya ba ba. A wasan gargajiyar Japan da ake kira No, ɗan wasa yana sanye da fuskar katako wadda ba ta motsi sam, amma idan ya ɗan ɗaga haɓarsa haske ya sauka a kanta sai ta yi kamar tana fara'a, idan ya ɗan sunkuya inuwa ta rufe ta sai ta yi kamar tana baƙin ciki. Katakon bai canza ba, sai dai wanda ya san gwargwadon da zai karkata wuyansa shi ne ya yi aikin, kuma yakan yi shekaru yana koyon wannan.

Duba kuma fim ɗin da Carl Dreyer ya yi a 1928 a kan shari'ar Joan ta Arc, budurwar Faransa da aka yanke wa hukuncin kisa. Mafi yawansa hotunan kusa ne na fuskar Falconetti, babu kwalliya, babu sauti. Kafin wannan fim ita 'yar wasan dandamali ce a Faris, kuma abin da ya ɗaga wasanta shi ne yadda tambayar alƙalai take sauka a fuskarta kafin ta ba da amsa. Ana ganin ta ji, ana ganin ta auna, ana ganin ta tsorata, sannan ta yi magana. Idan babu wannan a cikin abin da aka ɗauka, babu almakashin da zai samar da shi. Shi ya sa idan ina zaɓen 'yan wasa, ba na damuwa ƙwarai da yadda mutum yake faɗin nasa layin, domin kusan kowa yana iya koyon wannan. Ina kallonsa ne lokacin da ɗayan yake magana. A nan ake gane wanda yake sauraro da wanda yake jiran a zo kansa.

Mai Kallo:
Ni ba ɗan wasa ba ne, kallo kawai nake yi, amma akwai abin da ya tsaya mini a wannan muhawara. Duk misalan da ake kawowa suna nuna cewa wasa mai kyau shi ne wanda aka danne, aka rage, aka yi shiru. To ina matsayin wasan da ake buɗe murya, a ware hannu, a zare ido? Akwai al'ummomi da dama da wasanninsu haka suke, kuma jama'arsu suna jin daɗinsu har su yi kuka. Shin duk waɗannan zuzutawa suke yi, ko kuwa an ɗauki ɗanɗanon wasu mutane na wani zamani an mayar da shi doka a kan kowa?

Malamin Wasan Kwaikwayo:
Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa, kuma tana gyara mana hanya. Wasan da yake kwaikwayon rayuwar yau da kullum ƙarami ne a shekaru idan aka kwatanta shi da tarihin wasan kwaikwayo. Filin wasa na Epidaurus a ƙasar Girka yana ɗaukar mutum wajen 14,000, 'yan wasan Girka na da kuwa maza ne sanye da fuskokin da suka rufe kansu gaba ɗaya, saboda haka babu zancen motsin gira, sai murya da tsayuwa da ɗaga hannu. A Indiya, tsohon littafin Natyashastra ya lissafa ɗanɗanon zuciya guda takwas da wasa yake tayarwa, ya kuma tsara motsin ido da na yatsu dalla-dalla, har ta kai mai kallon da ya san ƙa'idar yana karanta hannu yadda ake karanta rubutu. A 1935 Mei Lanfang, ɗan wasan ƙasar Sin da ya shahara da fitowa a matsayin mace, ya yi wasa a Mosko, kuma cikin masu kallonsa akwai Bertolt Brecht na Jamus, wanda ya ƙara samun ƙarfin ra'ayinsa cewa ɗan wasa ya nuna mutumin da yake wakilta ba tare da ya narke a cikinsa ba, domin mai kallo ya samu damar yin tunani a kan abin da yake gani.

Saboda haka girman motsi ba shi ne zuzutawa ba. Zuzutawa ita ce ɗan wasa ya zarce ma'aunin da wasan da kansa ya kafa, ko ma'aunin nisan da ke tsakaninsa da mai kallo. Motsin da ya dace da mutumin da ke sahu na talatin zai yi yawa idan kyamara tana taku ɗaya daga hancinka, kuma tun da sauti ya shigo fim a 1927 makirufo ya sa raɗa ma tana isa ko'ina. Idan mutum huɗu suna wasa a ma'auni ɗaya, na biyar ya shigo da nasa dabam ba tare da labarin ya buƙaci haka ba, shi ne ya zuzuta, ko da kuwa a wani wasan abin da ya yi daidai ne.

Tsohon Ɗan Wasa:
Tunda Malam ya ambaci Brecht, bari in ɗora abin da yake ba ni dariya game da masu raba 'yan wasa gida biyu, na zafi da na sanyi. Matarsa Helene Weigel ita ce babbar 'yar wasan wannan makaranta da ake ce wa ta sanyi. A 1949 a Balin ta fito a wasansa a matsayin uwa mai fatauci a bayan sojoji lokacin Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai. An kama ɗanta, ta tsaya tana cinikin kuɗin fansarsa har lokaci ya ƙure, sai aka ji ƙarar harbi daga bayan fage. Weigel tana zaune, ta mayar da kanta baya, ta wage baki iyakar wagewa, amma ko sauti ɗaya bai fito ba. Hotunan wannan fitowa suna nan, kuma har yau ana koyar da ita. Bayan haka sojoji suka kawo gawar suka tambaye ta ko ta san shi, ta girgiza kai, domin idan ta amsa ita da 'yarta za su shiga hatsari. An tsara wannan ihun marar sauti a wurin gwaji, an auna tsawonsa, an maimaita shi dare bayan dare, kuma duk da haka ya girgiza mutane fiye da kururuwa. Ko ta ji wani abu a ranta a wannan lokaci, tsakaninta ne da Ubangijinta. Abin da muka sani shi ne ta zaɓi ta hana mu sautin, sai mu muka cike shi.

Marubucin Labari:
Baba, ka ba ni ƙofar shiga. Girgiza kan da ta yi a gaban gawa ba zai yi nauyi ba in ba don marubucin ya riga ya sanar da mu abin da sojojin ba su sani ba. Mu mun san ɗanta ne, su ba su sani ba, kuma a cikin wannan tazara ne duk ƙarfin fitowar yake. Daraktan fim Alfred Hitchcock ya bayyana wannan dabara a hirarsa da François Truffaut a 1962: idan mutum biyu suna hira a tebur sai bam ya tashi ba zato, an ba mai kallo firgita ta daƙiƙa goma sha biyar, amma idan an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, hirar banzar nan za ta riƙe numfashinsa minti goma sha biyar. 'Yan wasan ba su canza komai ba, sanin mai kallo ne ya canza. Tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotil ya sa tsarin aukuwar al'amura a gaba da halayen mutanen wasa, kuma ina ganin masu nazarin wasa suna yawan tsallake wannan su tafi kai tsaye ga fuska.

Akwai kuma laifin da yake namu ne mu marubuta amma 'yan wasa suke shan zagi a kansa. Idan na rubuta wa mutum ya ce raina ya ɓaci ƙwarai kuma ina jin kishi, me na bar wa ɗan wasa ya yi, ban da ya maimaita da fuska abin da baki ya riga ya faɗa? Daga nan zuzutawa take farawa. A wasannin marubucin Rasha Anton Chekhov, waɗanda gidan wasan Stanislavski ya yi suna da su, mutane sukan yi ta zancen yanayi ko na wata tafiya da ba za su taɓa yi ba, alhali rayuwarsu tana rushewa. Maganar tana tafiya wani wuri, nufin yana tafiya wani wuri, kuma ɗan wasa yana samun abin yi a tsakaninsu. Kafin a ce wane bai iya wasa ba, ya kamata a duba ko an ba shi abin da zai ɓoye.

Mai Tace Hoto:
Hajiya, na karɓi gyaranki a kan Mosjoukine, amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba. A 1948 Vittorio De Sica ya ɗauko ma'aikacin masana'anta, Lamberto Maggiorani, wanda bai taɓa wasa ba, ya ba shi jagorancin fim ɗinsa na mutumin da aka sace wa keke a birnin Rum, kuma fim ɗin yana cikin waɗanda ake ƙirgawa a sahun gaba har yau. Robert Bresson na Faransa ma ya daina aiki da ƙwararrun 'yan wasa, yana sa mutanen da ya zaɓo su yi ta maimaita magana da motsi har sai duk wani yunƙurin nuna wani abu ya fita daga jikinsu. Idan ƙwarewar ɗan wasa ce ginshiƙi, yaya waɗannan finafinai suka tsaya?

Tsohon Ɗan Wasa:
Sun tsaya ne saboda akwai darakta a bayan kyamara yana yi wa mutumin rabin aikin, yana tsayarwa, yana gyarawa, yana sake ɗauka har a samu daƙiƙa goman da ake so. Ɗana, ka kawo wannan ma'aikaci ka tsayar da shi a dandamali awa biyu babu mai cewa a yanka, sannan mu yi magana. Abin da misalinka ya tabbatar shi ne cewa sana'o'i biyu ne da suke amsa suna ɗaya.

Ɗalibar Adabi:
To, Hajiya, tunda mai nazari ba ya ganin zuciya, kuma a fim hannun marubuci da na darakta da na mai tace hoto duk sun cakuɗa da na ɗan wasa, ta yaya zan ware abin da yake nasa ne shi kaɗai idan na zauna rubuta sharhi?

Hajiya Darakta:
'Yata, ki nemi wurin da kyamara ta daɗe ba a yanka ba, kuma mutum biyu suna cikin hoto ɗaya. A irin wannan wuri tsawon shiru da saurin amsa da lokacin da aka ɗaga ido duk na 'yan wasan ne, domin babu wanda zai iya tsawaita su ko gajarta su daga baya ba tare da an gani ba. Ki kalli fitowar sau ɗaya babu sauti, ki ga ko za ki gane wanda yake neman wani abu da wanda yake hanawa, da kuma daidai inda rinjaye ya koma daga hannun wannan zuwa na wancan. Sannan ki saurare ta ba tare da kallo ba, ki ji kalmar da aka danna, da inda aka ja numfashi, da ko muryar tana canzawa gwargwadon wanda ake yi wa magana. Ki yi hattara da kiɗa, domin sau da yawa shi ne yake kuka a madadin ɗan wasa. Kuma idan kin zo rubutu, ki guji cewa ya nuna baƙin ciki sosai. Ki faɗi abin da ya yi: ya ci gaba da ninke rigar da ke hannunsa bayan an gaya masa labarin, bai ɗago ba sai da ya gama. Wannan kowa zai iya komawa ya duba, ya yarda da ke ko ya musa.

Mai Tace Hoto:
Zan ƙara mata abu ɗaya daga ɓangarena. Ko a dogon hoton da ba a yanka ba, an ɗauki fitowar sau da yawa, kuma wanda kika gani shi ne wanda ni da darakta muka zaɓa, saboda haka kada ki yanke hukunci da fitowa ɗaya, ki bi ɗan wasan a fim ɗin gaba ɗaya. Sannan ki lura da inda ake kai kyamara a lokacin da al'amari ya kai ƙololuwa. Idan a daidai wannan lokaci aka bar fuskar jarumi aka koma kan hannunsa, ko bayansa, ko fuskar wanda yake kallonsa, yana iya zama salon darakta, yana kuma iya zama rufin asiri ne muka yi saboda fuskar ba ta kawo abin da ake so ba. Hanyar rarrabewa ita ce ki duba ko haka ake yi wa sauran 'yan wasan fim ɗin a nasu manyan wuraren, ko kuwa mutum ɗaya ne kullum ake kawar da kyamara daga kansa.